MOTA DA HANYA: Tsawo daban, ƙarfi daban

Duk wanda ya taɓa sauka daga gudron a Gazawa ya nufi kudu, wajen Gangara da ƙauyukan da ke bakin iyakar Katsina, ya san abin da rairayi ke yi wa mota. Amalanken shanu da manyan kamiyo sun haƙa kwari biyu a hanya, sun bar tudu a tsakani. Da rani, cikin mota ya zauna bisa tudun nan, tayoyi su yi ta juyawa a banza. Da damina kuma ruwa ya kwanta, ba mai sanin zurfinsa sai ya shiga. Tun Gangara tana ƙarƙashin Agye, har aka mayar da ita gundumar Gazawa a shekarar 2011, amfanin gonarta, hatsi da wake da gujiya da riɗi da aya, ta irin waɗannan hanyoyi yake bi kafin ya kai kasuwa.

Saboda haka ba abin mamaki ba ne in mai a-kori-kura ya wayi gari da niyyar ɗaga motarsa. Ya ga motocin ƙungiyoyin agaji suna wucewa a miƙe kamar ingarma, ya ga tasa tana jan ciki. Sai dai kafin ya kwance bakin aljihu, akwai abubuwa biyu da mai sayar da kaya ba safai yake faɗi ba.

Na farko, ɗaga mota ba ya ɗaga abin da ya fi taɓa ƙasa. Tsakanin tayoyin baya akwai kumburin ƙarfe mai kama da tulu, inda ƙarfin inji ke rabuwa zuwa tayoyi biyu. Wannan tulu a jikin aksul yake, aksul kuwa bisa tayoyi yake zaune. Ko an ɗaga gangar mota kamu guda, tulun yana nan inda yake, kuma shi ne zai fara tokarar tudun rairayi. Abin da ke ɗaga shi kaɗai shi ne babbar taya. Misali, taya mai lamba 205R16 tsayinta kusan santimita 73 ne, mai lamba 7.50R16 kuwa ta kai 80. Bambancin santimita 7 ke nan, amma rabinsa ne kawai ke shiga ƙarƙashin tulu, wato uku da rabi. Babban amfanin ɗagawa shi ne ba wa irin wannan taya wurin juyawa, da kuma hana hanci da gindin mota dukan gaɓa wajen shiga kwari da fita.

Na biyu, kuma shi ya fi nauyi: tsawo ba ƙarfi ba ne. Toyota Hilux, wadda aka fara ƙerawa a 1968, an yi ta ne domin ɗaukar kimanin tan guda, har da direba da mutanen da ke ciki. Buhun hatsi mai tiya 40 kilo 100 ne. Buhu goma ke nan sun cika ma'auni. Sabbin lam, wato ƙarafan nan masu faɗi da ake jerawa su tallabi bayan mota, suna iya hana ta durƙusawa, amma ba su ƙara wa shasi kauri, ba su ƙara wa birki kamu, ba su sauya aksul. Motar da aka ɗaga tana ɓoye gajiyarta ne kawai. Da can, in kaya sun yi yawa, bayanta ya zauna, kowa ya gani. Yanzu tana tsaye ƙyam, sai yaron mota ya ƙara buhu biyar, ya ɗora akuyoyi, sannan mutane goma sha su hau can bisa.

A nan haɗarin yake. Duk santimitar da aka ƙara a ƙasa tana ɗaga kayan gaba ɗaya, alhali faɗin da ke tsakanin tayoyi bai ƙaru ba. Raƙumi dogo ne, amma mai raƙumi yana raba kaya gida biyu, su rataya a haƙarƙari, ba ya tula su a kan tozo. Mota mai tsawo da kaya a sama, in tayar gefe ɗaya ta faɗa kwari, ko direba ya kauce wa jaki a gudron Maraɗi zuwa Tasawa, kifewa ba ta yi mata wuya. Waɗanda ke bisa buhuna kuwa mata ne masu zuwa kasuwa, da tsofaffi, da marar lafiyar da ake kai wa likita. Garin neman gira kada a rasa ido.

To, wanda hanyarsa ta tilasta masa, yaya zai zaɓa?

Ya fara da awo. Motoci da yawa ba ɗagawa suke bukata ba, mayarwa suke bukata, domin shekaru da lodi sun kwantar da lam ɗinsu. A tsayar da mota wuri mai daidai, babu kaya, a auna daga tsakiyar taya zuwa bakin gangar da ke bisanta, gaba da baya, dama da hagu, a gwada da wata irinta mai lafiya. In ta yi ƙasa da santimita uku ko huɗu, sabbin lam na asali sun isa su dawo da ita yadda kamfani ya yi ta, ba tare da an taɓa komai ba.

Sai ya san irin motarsa. Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya, ta jerin 70 da ya fito a 1984, aksul ɗinta na gaba sanda guda ne kamar na baya, tana jure ɗagawa kaɗan ba da wahala ba. Hilux ta 2005 zuwa yau kuwa kowace tayar gaba da hannunta, ƙarfin inji yana isa gare ta ta kardan. In aka ɗaga gaban ya wuce kima, kardan ya karkace, robarsa ta yage, rairayi ya shiga ya cinye shi. Shi ya sa masu ƙera kayan suka fi tsayawa a santimita 4 zuwa 5. Wanda ya wuce nan ya shiga sabon kashe kuɗi.

Sannan ya san abin da ake sayar masa, domin hanya uku ce. Akwai dunƙulen ƙarfe da dogayen maratayan lam: su ne masu araha, tsawo kawai suke bayarwa, kuma suna ƙara wa tsofaffin lam wahala. Akwai ƙara ganyen lam ɗaya ko biyu, aikin da garajin Maraɗi suka ƙware a kai tun zamanin Peugeot 404: yana taimakon mai kaya, amma in mota ba kowa sai ta riƙa tsalle, kuma tsohon ƙarfe da sabo ba su cika daɗewa tare ba. Akwai kuma cikakken saiti, lam da sifirin gaba da amortisar da robobinsu, waɗanda aka auna su yi aiki tare. Kamfanonin Ostareliya irin su Old Man Emu da Ironman sun yi suna a wannan fanni, domin ƙasarsu ma ƙasar dogayen hanyoyin ƙura ce. Suna raba lam bisa nauyin da mota ke ɗauke da shi kullum: akwai na marar kaya, akwai na kilo 300, akwai na sama da haka. Ɗan kasuwar da ke lodin aya da ma'aikacin gona da ke yawo da mutum biyu ba saiti ɗaya ya dace da su ba. Haka nan hanya: mai fama da rairayin Gulbin Kaba ya fi bukatar taya mai shimfiɗa, mai shiga lakar fadamar Gidan Rumji da damina ya fi bukatar taya mai haƙora.

Bayan an ɗaura, aiki bai ƙare ba. Amortisar ta zama mai tsawon da ya dace, in ba haka ba ita za ta riƙa tsayar da aksul har ta tsinke. A duba tiyon birki, kada ya miƙe tsam in taya ta rataya. Tsofaffin Hilux da Land Cruiser suna da wata ƴar na'ura a baya wadda ke gane nauyin kaya ta tsayin mota, ta ƙara ko ta rage birkin baya. In aka ɗaga mota ba a gyara sandarta ba, sai ta ɗauka motar fanko ce ko da an cika ta, ta rage birki a lokacin da aka fi bukatarsa. A sāke daidaita tayoyin gaba, a sunkuyar da fitilu don kada su kashe wa masu tahowa ido. Bayan tafiyar mako guda a koma a ƙara ɗaure kusoshin lam. Direba kuma ya sani babbar taya tana rage ƙarfin tashi, tana ƙara shan mai, kuma allon gudu zai riƙa nuna ƙasa da gaskiya.

Saura maganar saye. Kama da wane ba ta wane: akwai amortisar da fenti ne kawai ya haɗa ta da sunan da ke jikinta. Kuma abin da ya lalace a Gangara, a Maraɗi ko Katsina ko kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano za a nemo madadinsa. Waɗanda suka ga rufe iyakar Najeriya daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin 2023, sun san yadda mota ke kwana bisa duwatsu saboda ƙarfe guda. Kayan da kowane bakanike ya sani, kuma ake samu kusa, sun fi baƙin kaya masu tsada da ba su da ɗan'uwa a ƙasar.

Akwai kuma dabarar da ba ta cin ko dala. Tsofaffin direbobin Agadas da Bilma, kafin su shiga rairayi mai laushi, sukan rage iskar taya domin ta shimfiɗu, su tafi a hankali, in sun fito su mayar da iskar. Famfo da shebur sun fitar da motoci da yawa daga inda tsawo ya kāsa.

Wanda zai ɗaga motarsa, ya ɗaga kaɗan, da kayan kirki, ya bar lodi inda kamfani ya tsayar da shi. Buhun da bai samu wuri yau ba zai jira kasuwa ta gaba.

Allah ya kiyaye hanya. Sai mako mai zuwa.