Mu Koya Wa Yaranmu Tafiya A Ƙasa

Jama'a, akwai wata al'ada da ta shiga tsakanin masu ilmin boko, wadda ya kamata mu tsaya mu dube ta tun ba ta yi saiwa a zukatan yaranmu ba. Al'adar nan ita ce raina tafiya a ƙasa. Da zarar mutum ya sami aikin ofis ko na koyarwa, sai ya ga kamar taka ƙasa zubar da girma ne, ko masallacin unguwa za shi sai da abin hawa. In kuwa aka ce masa ga waɗansu Turawa can sun goya jaka sun shiga daji suna hawan duwatsu ba don neman ko kwabo ba, sai ya yi dariya ya ce ƙoshi ne ya yi musu yawa. Ni a ganina mu ne da hasara, kuma hasarar ta fi faɗa wa 'yan makaranta.

Kakanninmu matafiya ne. Fataken goro sukan tashi daga Kano da jakunansu su nufi Gwanja, madugu na shugabantar ayari, jagaba na gaba yana duba hanya, su yi wata da watanni suna zango zango kafin su isa. Alhazai na dā sukan bi ta Barno da Wadai da Sudan, waɗansu su yi shekaru kafin su ga Makka. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da jama'arsa sun yi hijira daga Degel zuwa Gudu cikin 1804. Waɗannan mutane sun san ƙasa sani na haƙiƙa. Sun san inda ruwa yake cikin bazara, sun san itacen da ake ci da wanda ke kisa, suna duban taurari su gane gabas. Ba don wasa aka ce tafiya mabuɗin ilmi ba.

To, mu dubi yaran da muke yayewa yanzu. Wanda duk aikinsa ya haɗa shi da rangadin makarantu ya sha ganin yaro wanda zai lissafa maka kogunan duniya a kan allo babu kuskure, amma in ka fita da shi bayan gari ba zai bambanta marke da kirya ba, balle ya gaya maka inda rafin garinsu ya samo asali da inda yake zuba. Ya karanta labarin zaizayar ƙasa, ya ci jarrabawa a kai, amma bai taɓa tsayawa bakin kwazazzabo ya ga yadda ruwa ke cin gonar mutane ba. Ilmi irin wannan kamar rigar aro yake, ana gama biki sai a tuɓe.

Ku ɗauki misalin gawo. Sauran itatuwa da damina suke yin ganye, shi kuwa gawo a lokacin yake zubar da nasa, sai rani ya shigo ya yi kore. Saboda haka ba ya tare wa gero hasken rana, ganyen da ya zubar ya zama taki, 'ya'yansa kuma su ciyar da dabbobi lokacin da ciyawa ta ƙare. Shi ya sa manoma, tun daga nan har Damagaram da Maraɗi, suke barinsa a tsakiyar gona. Malami zai iya cika allo da wannan bayani, amma in ya kai yara gindin gawo sau biyu, sau ɗaya da damina sau ɗaya da rani, ba za su manta ba har tsufansu. Gani ya kori ji.

Su Turawan da muke yi wa dariya, sai da suka sha wuya kafin su sami wannan dama. A dā, a Ingila yawancin tuddai da filaye mallakar masu dukiya ne, sun killace su don harbin tsuntsaye, talaka bai isa ya ratsa ba. Cikin 1932 ɗaruruwan ma'aikata daga Manchesta da kewayenta suka haɗu suka hau wani tudu da ake kira Kinder Scout da gangan, suka yi arangama da masu gadi, aka ɗaure biyar daga cikinsu. Maganar ba ta mutu ba, har cikin 1949 majalisarsu ta yi dokar kafa gandayen ƙasa da buɗe wa jama'a hanyoyin karkara. Cikin 1951 aka buɗe gandu na farko, watau Peak District, inda shi wannan tudu yake. Cikin 1965 kuma aka buɗe wata turba ta masu tafiya a ƙasa mai tsawon mil 268, ana kiranta Pennine Way. Abin da waɗansu suka shiga kurkuku dominsa, mu gadonsa muka yi, gama a ƙasar Hausa turba da burtali na kowa ne. Amma mun bar su, har ga shi ana ta cinye burtali da noma, masu ilmi ba su ma lura ba.

Ba kuwa rashin wurin zuwa ne ya hana mu ba. Ga Yankari a ƙasar Bauci, wanda aka keɓe cikin 1956, aka buɗe wa baƙi cikin 1962, ya zama gandun ƙasa cikin 1991, sa'an nan aka mayar wa gwamnatin Jihar Bauci cikin 2006. Faɗinsa murabba'in kilomita 2,244 ne. Akwai giwaye da ɓauna da gwanki da dorina, ga maɓuɓɓugar Wikki wadda ruwanta ke da ɗumi dare da rana, rani da damina. Akwai kuma koguna da mutanen dā suka sassaƙa a jikin dutse, da tsofaffin rijiyoyi, da kufan wuraren narka tama, waɗanda ke shaida cewa an zauna an yi sana'a a dajin nan tun kafin a haifi kakanninmu. Ga Gashaka-Gumti a Taraba da Adamawa, wanda ya fi kowane gandu girma a Nijeriya, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000. A can ne dutsen Chappal Waddi yake, mai tsawon mita 2,419, babu wanda ya kai shi a ƙasar nan, kuma mota ba ta kai mutum ƙololuwarsa, sai ƙafa. Wanda bai da halin zuwa nesa, ga Dala da Gwauron Dutse a cikin birnin Kano, ga duwatsun Birnin Kudu inda mutanen dā suka zana shanu a jikin dutse. Bature Barth, wanda ya yi wa kansa suna Abdulkarim, ya hau Dala cikin 1851 ya dubi Kano ya rubuta abin da ya gani. Nawa ne daga cikin malaman Kano suka taɓa kai yaransu can?

Na san abin da za a ce, kuma magana ce mai nauyi: daji ya lalace. Gaskiya ne. Sambisa da can gandun namun daji ne, kowa ya san abin da ya koma. Dajin Kamuku na Birnin Gwari, wanda aka mai da gandun ƙasa cikin 1999, ya sha fama da 'yan bindiga. Babu mai hankalin da zai ce a kai ɗiyan mutane irin waɗannan wurare, kuma malamin da ya fita da yara ba tare da ya tambayi hukuma ba ya ci amana. Amma fa mu tuna, dajin da mutanen kirki suka daina takawa shi ne miyagu ke mai da shi gida. Yaron da bai taɓa ganin gandu ba, in ya girma ya zama akawu ko ɗan majalisa, ba zai ji zafi ba in an sare itatuwansa an yi gawayi, ko an hana masu gadinsa albashi, domin mutum ba ya kishin abin da bai sani ba. Saboda haka inda Allah ya bar mana zaman lafiya, wajibi ne mu riƙa takawa.

Waɗansu kuma za su ce babu kuɗi. Tafiyar mil uku zuwa bayan gari ba ta bukatar kome sai gorar ruwa da 'yar guzuri da littafin rubutu. Ga yadda nake ganin ya kamata a yi. A zaɓi lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da ciyawa ta bushe, rana kuma ba ta yi zafi ba. A nemi yardar iyaye tukuna. A fita bayan sallar asuba a komo kafin azahar. In an isa ƙauye a fara da gaida dagaci ko mai unguwa, a roƙe shi ya haɗa yara da wani dattijo, maharbi ko makiyayi, wanda ya san wurin. Shi ne malami a ranar, mu kuwa masu takardar shaida mu ja bakinmu mu saurara, yara su ga cewa ilmi bai ƙare ga wanda ya zauna a benci ba. Kada a ratsa gonar kowa, kada a kunna wuta, kada a yar da leda, kada a harbi tsuntsu. In gandun gwamnati ne, kada a kuskura a taka ko'ina sai da ma'aikacin gandu, gama giwa ba abokiyar wasa ba ce. In an komo, kowane yaro ya zana taswirar hanyar da aka bi, ya rubuta sunayen itatuwa goma da amfaninsu.

Ina roƙon shugabannin kwalejojin horon malamai su sa wannan cikin tsarin karatu, ko da sau ɗaya ne a kowane zango, domin malamin da ba a fita da shi ba shi ma ba zai fita da kowa ba. 'Yan'uwana akawuna kuma, ku da kuke wuni a kan kujera har ƙafa na kumbura, in ranar hutu ta zo ku kama hannun 'ya'yanku ku fita bayan gari. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya sa mu san darajar ƙasar da ya ba mu, amin.