Na'ura za ta taimaki alƙalin wasa, amma haƙurin yaro daga gida yake



Makon jiya ina aikin yamma aka kawo mana wani yaro ɗan shekara 14 a kan babur, jini ya jiƙa masa riga. Ɗinki shida muka yi masa a goshi. Ba hatsari ya yi ba, ba kuma lauje ne ya yanke shi a gonar shinkafa ba. Ƙwallo suke bugawa a wani fili da ke bakin kanal, tsakanin Kura da Bunkure, sai ƙwallon ta bi ta kan dutsen da suka ajiye a madadin turken raga. Wasu suka ce ta shiga, wasu suka ce waje ce. Alƙalin wasan, shi ma saurayi ne da usur ɗinsa na roba, ya ce ba a ci ba. Daga nan sai jifa. Ina ɗinki, yaron yana cije leɓe yana cewa, "Anti, wallahi da akwai VAR da an ga gaskiya."

Ga wadda ba ta bin ƙwallo, VAR wasu alƙalai ne da ke zaune a ɗaki gaban allon bidiyo. In alƙalin fili ya yi babban kuskure, sai su ce masa ya je ya sake duba hoton. A gasar cin kofin duniya, an fara amfani da ita a 2018 a Rasha.

To amma ta kawo ƙarshen gardama? Ki tambayi maigida. A wannan gasar, ranar 26 ga Yuni, Najeriya na wasa da Ajantina, ƙwallo ta taɓa hannun Marcos Rojo a cikin da'irarsu. Alƙali ya je ya kalli hoton da idonsa, ya dawo ya ce babu fenareti. Rojo ɗin ne kuma ya ci ƙwallon da ta koro mu gida. Haka a Fabrairun 2024, a wasanmu da Afirka ta Kudu na kusa da ƙarshe a gasar kofin Afirka: Osimhen ya ci, gidajen kallo suka kaure da ihu, sai VAR ta soke cin, aka ma ba abokan karawarmu fenareti. A na farko har yau ana musu, a na biyu kuwa hoton ya nuna gaskiya ko da ta yi mana ɗaci.

Amurkawa sun riga kowa shiga wannan rigima a irin tasu ƙwallon, wadda ake rungumarta a hannu ana gudu, 'yan wasa sanye da hular kwano. Babbar gasarsu, NFL, ta fara sake duba bidiyo a 1986. Aka yi ta ƙorafin ɓata lokaci, suka ajiye tsarin a 1992, sannan suka dawo da shi a 1999 da ƙa'ida: koci zai jefa jan ƙyalle in bai yarda da hukunci ba, amma damar tasa ƙidayayya ce, in kuma bai yi daidai ba akwai abin da zai rasa.

Abin da ya fi burge ni a matsayina na ma'aikaciyar jinya shi ne, suna ajiye ma'aikatan lafiya a can sama suna bin wasan ta bidiyo, aikinsu su hango wanda ya ji rauni, musamman wanda ya bugu a ka. Tun 2015 aka ba su ikon sa alƙali ya tsayar da wasa a fitar da ɗan wasan a duba shi.

Ra'ayina ke nan: na'ura ta taimaki alƙali, musamman inda lafiya take, amma hukunci ya zauna a hannun mutum. Haka muke yi a asibiti. Na'urar awon jini tana ba ni lamba, amma in mai ciki ta ce kanta na sarawa, idonta na ganin duhu-duhu, ba zan sallame ta don lamba ta yi kyau ba.

Sai dai mu faɗa wa kanmu gaskiya, kyamara ba za ta zo filin bakin kanal ba. Ko ta zo, ba ta maganin zuciya. A Oktoban 2025, bayan wasan Kano Pillars da Shooting Stars a filin wasa na Sani Abacha, wasu 'yan kallo sun afka cikin fili sun far wa alƙalai. Aka ci ƙungiyar tara, aka zabge mata maki 3. Fushin minti kaɗan ya cinye gumin 'yan wasa. Waɗanda suka tsallaka shingen nan ba daga sama suka faɗo ba, kowannensu akwai uwar da ta goya shi.

Don haka in ɗanki ya dawo yana huci wai an yi musu maguɗi, ki saurare shi, kada ki ƙara masa wuta. Ki nuna masa alƙali mutum ne mai ido biyu, yana bin yara 22 a guje. Wataƙila ya yi kuskure, amma gobe ma rana ce, ido kuwa in dutse ya fasa shi ba ya dawowa.

In kuma ya bugu a ka, kada ya koma wasa a ranar. Ki sa masa ido sosai kwana biyu. In yana amai, ko barci ya yi masa nauyi fiye da kima, ko maganarsa ta rikice, ko ciwon kan yana ƙaruwa, a garzaya asibiti ko da babu jini a waje.

Yaron nan zai dawo cire zare ranar Litinin. Mahaifiyarsa ta ce ta hana shi ƙwallo har abada. Na ce mata, "Yaya, ki bar shi ya yi wasansa, ɗaukar dutse za ki hana shi." Ke fa, da ɗanki ne, me za ki yi?

Allah Ya shirya mana zuri'a. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.