Zari-rugar matasa a Ingila: ƙungiya na iya karyewa, lardi ba ya karyewa

Tsakanin watan Satumba na 2022 da watan Yuni na 2023, manyan ƙungiyoyin ƙwallon zari-ruga guda uku na ƙasar Ingila, wato Worcester Warriors da Wasps da London Irish, sun durƙushe ɗaya bayan ɗaya saboda bashin da ya yi musu katutu. Ita Wasps ba ƙaramar ƙungiya ba ce, domin kuwa sau shida tana zama zakarar Ingila, sau biyu kuma ta ɗauki babban kofin Turai, a 2004 da 2007. Jaridun Landan sun yi ta juyayin manyan ƴan wasan da suka wayi gari babu albashi, kuma sun yi gaskiya. To amma akwai waɗanda ba a cika ambatonsu ba, su ne samari ƴan shekara 15 zuwa 18 da ke cibiyoyin renon waɗannan ƙungiyoyi, waɗanda aka ce musu hanyar ɗaukaka ta bi ta wannan ƙofa, sai ga ƙofar a hannun masu bin bashi. Ala tilas hukumar wasan ta ƙasa, wadda ake kira RFU, ta ɗauki nauyin ci gaba da horas da su.

Wannan al'amari kaɗai ya isa hujja a kan cewa magabatan wasan sun yi sakaci da suka bar tsohuwar hanya ta kama ciyawa. Tsohuwar hanyar kuwa ita ce gasar larduna, inda yaro ke sa rigar yankin da ya fito, ba rigar kamfanin wani attajiri ba.

Ga mai karatu wanda bai saba da wasan ba, zari-ruga ana buga ta ne mutum 15 da 15, da ƙwallo mai siffar ƙwai wadda ake ɗauka a hannu a ruga da ita. Ba a miƙa ta da hannu sai baya ko gefe, kuma an yarda a rungumi mai ɗauke da ita a kayar. Lardi a Ingila kuwa tsohon yanki ne mai suna da tuta da tarihi, wasu sun girmi majalisar dokokin ƙasar ma. Wanda ya taɓa ganin yadda jama'ar Maraɗi ko Damagaram ko Tawa ke tsayawa bayan ƴan kokowarsu a gasar takobi, wadda aka soma a Tawa a 1975, ba ya buƙatar dogon bayani: ba a sayen ɗan kokowar wata jaha da tsakar gasa, kuma in ya yi kaye gari ne duka ya yi kaye. Haka rigar lardi take. Ana tattaro yaran da suka fi ƙwazo daga makarantu da ƙananan ƙungiyoyin garuruwa, a gwada su, a fid da tawaga guda, ta je ta kara da ta maƙwabta. Daga nan ake tsamo na shiyya, shiyyoyin kuwa huɗu ne: arewa, da tsakiya, da Landan haɗe da kudu maso gabas, da kudu maso yamma.

Abin ya daɗe. Lardunan Yokshaya da Lankashaya sun fara karawa tun 1870, shekara guda kafin a kafa RFU kanta, gasar larduna kuma ta samu amincewar hukuma a 1889. Daga cikin kofuna takwas na farko Yokshaya ta ɗauki bakwai, da ƙarfin ƴan ƙwadagon masaƙu da masu haƙar kwal. Sai rigimar kuɗi ta taso. Leburan da ya bar aiki ranar Asabar don ya buga wasa yana asarar ladan yini, ƙungiyoyin arewa suka nemi a yarda su biya shi diyya, masu hannu da shuni na kudu suka ce atafau wasa ba sana'a ba ne. A watan Agusta na 1895, bayan wani taro a garin Hadasfil, ƙungiyoyi 22 suka ɓalle suka kafa tasu hukumar, wadda ta halatta diyyar sule shida. Yokshaya ta sake cin kofin a 1896 da sauran ƙarfin da ya rage mata, daga nan ba ta ƙara ganinsa ba sai 1926. Shekara talatin ke nan, a kan sule shida. Ba a yau aka fara korar ɗan talaka daga wannan wasa da sunan tsari ba.

Lardin Konwal, can ƙuryar kudu maso yamma, ƙasar masunta da masu haƙar kuza, shi ne ya fi nuna abin da rigar ke nufi. Ya ci gasar a 1908, a wannan shekarar kuma tawagarsa ce ta wakilci Birtaniya a wasannin Olamfik na Landan, inda Ostiraliya ta lallasa ta da ci 32 da 3, amma ta koma gida da lambar azurfa. A 1991 aka ƙiyasta mutanen lardin wajen dubu 40 suka yi ɗango zuwa filin Tuwikinham don wasan ƙarshe da Yokshaya. An ja musu 16 da 3, suka farke, suka ci 29 da 20 bayan ƙarin lokaci. Babu wani kamfanin talla da ya tara wannan jama'a.

Shekara huɗu bayan haka, a watan Agusta na 1995, hukumar wasan ta duniya ta yi zama a Paris ta halatta biyan albashi. Manyan ƙungiyoyi suka zama kamfanoni, kamfani kuwa ba ya ba da aron hajarsa a je a karya mata ƙafa a wasan da ba ya kawo ko tamma. Manyan ƴan wasa suka daina zuwa wa larduna. Sannu a hankali renon matasa ma ya koma hannun cibiyoyi, waɗanda a wani lokaci yawansu ya kai 14, akasarinsu a jingine da manyan ƙungiyoyi, suna fara sa ido a kan yaro tun yana ɗan shekara 13 ko 14. Lardi ya zama kamar tsohuwar tasha bayan an karkatar da babbar hanya: ginin na nan, motoci na bi ta wani wuri.

Adalci ne a faɗi cewa cibiyoyin sun yi aiki. Suna da likitoci da ƙwararrun masu horaswa, Ingila kuma ta zama zakarar duniya ta ƴan ƙasa da shekara 20 a 2013 da 2014 da 2016 da 2024. Ba wanda ke cewa a rushe su. Abin tambaya a nan shi ne: wa suke zaɓa, kuma don amfanin wa?

Kowane ɗan kasuwa ya san amsar. Mai shago yana ɗaukar yaron da zai amfane shi bana, ba wanda zai zama gwani nan da shekara takwas ba. A Ingila ana lissafin shekarun yara ne daga ranar 1 ga Satumba, kamar shekarar makaranta, saboda haka yaron da aka haifa a Satumba da wanda aka haifa a Agusta mai biyo baya rukuninsu ɗaya, alhali akwai kusan shekara guda a tsakaninsu. A shekara 14 wannan tazara ba wasa ba ce, wani ya fara gemu, wani muryarsa ko fashewa ba ta yi ba. A wasan da ake ture-ture da ƙirji, mai zaɓe zai ɗauki ƙaton ya ce ya ga baiwa, alhali girman jiki ya gani. Wanda aka ɗauka sai ya samu horo mai kyau ya ƙara gaba, wanda aka bari kuma sai ya ɗauka ba shi da rabo. Masu tsayawa a sahun gaba, waɗanda ke dafe da nauyin turereniya a wuyansu, su ne suka fi jinkirin nuna, da yawa sai sun haura shekara ashirin. Kofin larduna na ƴan ƙasa da shekara 20 yana ɗauke da sunan irin waɗannan, wato Jason Leonard, wanda ya taso a ƙaramar ƙungiyar Barking ta gabashin Landan, kafinta ne ta fannin sana'a, ya buga wa Ingila sau 114, yana kuma cikin waɗanda suka ci kofin duniya a 2003.

Sai batun aljihun uba. Yaran da ke makarantun kuɗi a Birtaniya ba su wuce kashi 7 bisa 100 ba, amma rahoton da gidauniyar Sutton Trust ta fitar a 2019 tare da hukumar gwamnati mai bin diddigin ci gaban ƴaƴan talakawa ya nuna kashi 37 bisa 100 na mazan da ke buga wa ƙasashen Birtaniya zari-ruga daga can suka fito. A ƙwallon ƙafa kashi 5 ne kacal. Makarantar kuɗi tana da filaye da mai horaswa na dindindin da wasa kowace Asabar, kuma masu farautar ƴan wasa sun san hanyarta. Ɗan direban babbar mota da ke makarantar gwamnati, wanda ke buga wasa ranar Lahadi da safe a ƙungiyar ƙauyensu, in ba ranar gwajin lardi ba, wane ne zai gan shi?

Kada kuma a ɗauka lardi waliyyi ne. Koke-koken da iyaye ke yi a kansa sanannu ne: gwajin yini guda da ba ya nuna komai sai sa'a, da masu zaɓen da suka fi ganin yaran ƙungiyarsu ko na makarantarsu, da tafiye-tafiye masu nisa waɗanda uba mai mota da sarari kaɗai ke iya ɗauka. Son kai ba ya buƙatar kamfani kafin ya yi aiki, kwamiti ma ya ishe shi. Akwai kuma hujja mai nauyi daga Niwzilan, ƙasar da ba a koya mata wannan wasa: a 2019 hukumar lardin North Harbour ta soke tawagogin zaɓe na yara ƙanana, bisa dalilin cewa ware ƴan ƙalilan tun da wuri yana korar masu yawa daga fili. Sun yi daidai. Yaro ɗan shekara 12 wasa ya kamace shi, ba tantancewa ba, RFU kanta ta gane haka da ta sa dokar cewa duk yaron da aka zo da shi wasa sai ya buga aƙalla rabin lokaci. Amma wannan hujja ta fi cin cibiyoyin da ke zaɓe tun shekara 13, ba ta ci gasar ƴan 17 da 18 da 20 ba. A waɗannan shekaru ne lardi ke da amfanin da babu mai maye shi, domin a nan ne wanda aka watsar da wanda bai nuna da wuri ba ke samun a sake dubansu.

Bambancin da ya fi kowane shi ne na mallaka. Ƙungiyar kasuwa tana da mai ita, yana iya sayar da ita, ko ya kwashe ta daga gari, kamar yadda aka ɗauke Wasps zuwa Koventiri a 2014, ko ya bar ta ta nutse. Hukumar lardi kuwa ta ƙananan ƙungiyoyin yankin ce, su ke zaɓen shugabanninta, galibi ƴan sa-kai, ita kuma tana da wakilci a majalisar RFU. In ta yi ba daidai ba akwai taron shekara da za a tuhume ta. Yaron da cibiya ta sallama yana da shekara 16 ba shi da taron da zai kai ƙara.

To ina kuɗin yake tafiya? A 2024 RFU ta ƙulla yarjejeniyar shekara takwas da manyan ƙungiyoyi goma da suka rage, wadda a shekarunta na farko za ta riƙa ba su fam miliyon 33 a shekara, wato sama da miliyar 20 na kuɗin sefa. A ƙarshen wannan shekarar aka bayyana cewa hukumar ta yi giɓin kusan fam miliyon 38, ta sallami ma'aikata wajen 40, amma babban daraktanta Bill Sweeney ya karɓi fam miliyon 1 da dubu 100, haɗe da tukuici. Ƙananan ƙungiyoyi suka harzuƙa har suka tilasta taron gaggawa a watan Maris na 2025, inda ya tsira da ƙuri'a 466 a kan 206. Ya tsira, amma kusan kashi ɗaya bisa uku na masu ƙuri'a sun faɗi abin da ke ransu.

Abin da gasar matasan larduna ke nema bai kai kashin bayan waɗannan alƙaluma ba: kuɗin motar da za ta kwashi yara don kada zuwa gwaji ya dogara ga motar uba, da likita a bakin fili a wasan da bugun kai ya zama babbar damuwa har aka sauko da iyakar runguma zuwa ƙasan ƙirji a 2023, da masu zaɓe daga wajen lardin waɗanda za su kalli yaro sau uku ko huɗu kafin su yanke hukunci, da ƴan makonni a jadawalin shekara waɗanda makaranta da cibiya ba za su hana yaro amsa kiran lardinsa ba. Na ƙarshen nan ne zai fi wuya, domin ba kuɗi yake nema daga manyan ƙungiyoyi ba, iko yake rage musu, kuma wakilan larduna da ke zaune a majalisar RFU su ne ke da bakin gabatar da shi.