Filin Masu Mota: Idan Tsohuwar Fijo Ta Ƙi Tashi

Unguwar Fezzan ta cikin Maiduguri ta sami sunanta daga fataken da suka riƙa keto hamada daga ƙasar Fezzan ta kudancin Libiya. Raƙumi ya ba mota wuri tuntuni, kuma cikin motocin da suka yi zamani a Barno, kamar sauran ƙasar nan, babu kamar Peugeot 404 da 504, watau Fijo, waɗanda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antarsu a 1975. Wanda ya riƙe irinsu har yau ya san injinsu da ƙarko. Wayoyinsu ne ke tsufa. Zafin Maiduguri, wanda kan wuce digiri 40 a watan Afrilu, yana ƙafar da ruwan batir, ya busar da robar waya har ta tsattsage, ƙurar hunturu kuma ta cika mahaɗa.

To, ranar da mota ta ƙi tashi, sai ka ji an yanke hukunci nan take cewa kik ya mutu, a je a sayo wani. Sau da yawa kuwa kik lafiyarsa lau, an dai yi asarar kuɗi a banza.

Abin da ya kamata shi ne mai mota ya kunna manyan fitilu, sa'an nan ya murɗa makulli yana duban haskensu. In suka dushe ƙwarai, ko dai batir ya yi sanyi, ko kuwa kawunansa sun yi farin gari, wuta ba ta wucewa. Cikakken batir yakan nuna bolt 12.6 a ma'auni. A wanke kawunan da ruwan zafi, a kankare, a ɗaure tamau. In fitilu suna nan tangaran, ba a ji ko motsi ba, laifin yana tsakanin makulli da siririyar wayar da ke zuwa silinoyid, wannan ɗan gwangwanin da ke bisa kik. In kuwa aka ji ƙas sau ɗaya sai shiru, silinoyid ya amsa, amma babbar wuta ba ta ƙetara ba.

A nan ne ake mance wayar da ta fi kowace shan wulaƙanci, watau wayar at, wadda ke mai da wuta daga inji zuwa batir. Kik yana jan wuta fiye da amfiya 100, kuma duk abin da ya shiga ta jar waya dole ya koma ta nan. In ta yi tsatsa ko ta tsinke, wutar sai ta nemi wata hanya, har ta bi ta wayar totur ko ta cok, ta gasa su. Wanda ya taɓa wayar totur ya ji ta da ɗumi bayan ya murɗa makulli, ya gano ɓarawonsa.

In inji yana juyawa sosai amma bai kama ba, a rabu da kik, a koma wajen kwal da distiributa. Tazarar kontak a 504 kimanin milimita 0.4 ce, kuma filogai suna ba da wuta bisa jerin 1-3-4-2. Barin makulli a kunne alhali inji na kashe kan ƙona kwal.

Akwai kuma wata muguwar al'ada ta waɗansu masu rewaya. Da makulli ya fara gardama, sai su jawo waya kai tsaye daga batir, ba fis, su murɗe bakinta da hannu, su naɗe da leda. Mota takan tashi, mai ita ya yi godiya ya biya. Amma wayar nan tana gugar ƙarfe kullum, kuma ranar da robarta ta huje babu abin da zai yanke wutar, ga bututun fetur kusa. Lalle duk wayar da za a ƙara a sa mata fis dab da batir, kuma kafin a taɓa kowace waya a fara cire kan batir na at.