Dattijan KM5 da hazon da ake kira tsufa

A Masallacin Koudoukou da ke unguwar KM5 a Bangui, wanda Fafaroma Francis ya ziyarta ranar 30 ga Nuwamba 2015, ba wuya ka ga dattijo ya miƙar da hannu ya nisanta Alƙur'ani daga fuskarsa kafin baƙaƙen su fito masa. Wannan mai sauƙi ne: bayan shekara 40 madubin da ke cikin ido yana taurara, tabarau kuma ya wadatar. Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke jingina wa tsufa kowane hazo, mu ce lokaci ne. Binciken makanta da aka gudanar a faɗin Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya gano cewa yanar ido ce ta haddasa kusan kashi 43 cikin 100 na makanta, alhali aikin cire ta bai kai sa'a guda ba. Hawan jinin ido kuwa ɓarawo ne. Ba zafi, ba ƙaiƙayi, yana cin gani daga gefe, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Binciken Baltimore a Amurka ya nuna a 1991 cewa ya fi kama baƙar fata ninkin-ba-ninkin. A KM5, unguwar da rikicin 2013 da 2014 ya killace mutanenta, zuwa wurin likitan ido ba ƙaramin aiki ba ne, shi ya sa wasu ke miƙa idonsu ga masu maganin gargajiya. A ganina, ya kamata kwamitin masallacin ya gayyato ma'aikatan lafiya su riƙa auna idon duk wanda ya haura 40 a harabar, bayan sallar Juma'a.