Filin Sufuri: Wace Mota Ce Ke Jure Hanyar Karkara?

Bayan kaka, manoma da ƴan ƙungiyoyin haɗin gwiwa da yawa sukan shigo Yamai neman motar da za ta riƙa kai albasa, wake ko bisashe kasuwa. Wani shanunsa ya saida, wasu kuma kuɗin gari ne aka tara aka damƙa masu. In motar ta kwanta, dukiyar ta kwanta ke nan.

A ƙasashen Turawa akwai masu bin diddigin ƙarkon motoci. A Amurka, ƙungiyar Consumer Reports tana tambayar dubban masu mota kowace shekara irin lalacewar da suka gani. Kamfanin J.D. Power shi kuma yana ƙidaya matsalolin da aka samu cikin kowace mota 100 mai shekara uku. A lissafin Consumer Reports, kusan kowace shekara Toyota ta ƙasar Japan tana sahun gaba.

Direbobin tashar Wadata ba su jira wannan lissafi ba. A da Peugeot ce sarauniyar hanya, da 404 mai tampol da 504 wadda aka fara ƙerawa a Faransa a 1968, aka kuma buɗe masana'antar haɗa Peugeot a Kaduna a 1975. Yau Hiace da Hilux da Corolla sun karɓe wurin, saboda kayan gyaransu na samuwa, kuma bakaniken ƙauye ya san cikinsu.

Amma a lura. Lissafin Turawa na motoci ne masu ɗan sabunta, masu tafiya bisa kwalta. Yawancin motocin da ke isowa Nijar kwance ne, sun riga sun yi shekaru suna aiki a Turai. Nan kuma ga rairayi, ga zafin bazara, ga lodi fiye da ƙima. Sunan kamfani kaɗai ba ya ɗaukar buhu.

Kasuwar ma tana sakewa. Da aka rufe iyakar Nijar da Benin a 2023, kayan da suka saba biyowa ta Kwatano suka koma zagayawa ta Lome da Burkina Faso, hanya ta yi tsawo, kuɗi ya ƙaru. A shekarar 2023 ɗin kuma ƙasar Sin ta wuce Japan wajen fitar da motoci waje. Sabbin motoci cike suke da na'urorin lantarki, sai da kwamfuta ake gano ciwonsu, abin da garejin ƙauye ba shi da shi.

Don haka mai saye ya tafi da bakaniken da ya yarda da shi. A tada injin da safe tun yana da sanyi, a dubi hayaƙi, a leƙa ƙarƙashi ko akwai tsatsa ko yoyon mai. A karanta takardun duwan da na mota, a gwama lambar takarda da wadda ke jikin ƙarfe. Kafin a biya, a zaga wajen masu saida kayan gyara a ji farashi. Motar da kayanta sai an aiko daga waje za ta yi damina guda ƙarƙashin bishiya. Hausawa sun ce araha ba ta ado.