Ruwan Rini Ba Ya Wanke Kansa: Kada Antau Ya Koma Jakara



Duk lokacin da aka ce mai rini ya daina tuttular da ruwan rini a kwata, amsa ɗaya ake ji: "Ai kakanninmu sun yi rini, me ya same su?" Wannan magana yaudarar kai ce.

Kakanninmu da baba da toka suke rini, irin wanda har yau ake gani a marinar Ƙofar Mata a Kano. Mai rinin shadda na yanzu kuwa, garin kala na kamfani yake saye, ya haɗa da soda mai cin fata da hodar haidoros. An ƙera kalar ne don kada rana ko wanki su kashe ta, to ta yaya kwata za ta kashe ta? Idan ta shiga rafi sai ta tare hasken rana, tsirran ruwa su kasa rayuwa, kifi ya rasa iska. Wasu daga cikin rinin da ake kira azo suna rikiɗewa zuwa sinadarai masu jawo ciwon daji, shi ya sa Tarayyar Turai ta hana amfani da irinsu a tufafi tun 2002.

Wanda yake ganin abin wasa ne ya je Kano. Dagwalon masana'antun Bompai yana bi ta Getsi ya faɗa Jakara, na Sharaɗa da Challawa yana shiga kogin Challawa, kuma da ruwan ake bayin kayan lambu. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu Antau muke da shi, kuma kwatocin garin nan ba sama suke hawa ba.

Abin takaicin shi ne maganin ba ɓoyayye ba ne. Gawayin tacewa ne. Ana ƙona ƙwaryar kwakwa, ɓawon gyaɗa ko totuwar masara da zafi mai tsanani ba tare da iska ba, sannan a buɗe ƙananan ramukansa da tururi ko sinadari. Giram 1 kacal na mai kyau, faɗin cikinsa yana iya wuce murabba'in mita 500. Kalar tana maƙalewa a ramukan, ruwan ya fita fes. Masana sukan haɗa shi da garin ƙarfe, ta yadda in ya gama aiki za a janye shi da maganaɗisu. Amma a kula: gawayin murhu ba ya wannan aikin yadda ya kamata, ruwan da aka tace ba na sha ba ne, kuma gawayin da ya ƙoshi da kala ba a watsa shi a bola.

Masu cewa a kori masu rini su ma sun kauce hanya. Ba a raba mutum da abincinsa a ce an yi gyara. A ba shi duro da gawayi, a nuna masa yadda ake yi.

To wa zai yi? Jami'ar Jihar Nasarawa tana nan cikin garinmu da sashen kimiyyar sinadarai. A jami'o'in ƙasar nan ɗalibai suna ta rubuta bincike kan wannan gawayi, a ba su maki, a jera a kanta, ƙura ta ci. Hukumar NESREA tun 2007 aka kafa ta, dokarta kan masana'antun tufafi da fata ta fito a 2009. Ilimi akwai, doka akwai, mai haɗa su ne babu.

Shawarata ga shugabannin ƙungiyarmu: a taro mai zuwa a naɗa wakilai su je jami'a da sashen muhalli na ƙaramar hukuma, a nemi gwaji a marina guda ɗaya tak, a auna ruwan kafin tacewa da bayanta, a sanar da mu sakamakon a wannan shafi.

Rigakafi ya fi magani. Allah Ya sa mu dace.